Wutar Inna Fulmati da Rijiya Gaba Arba'in

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa ba turke, ya ɓoye ruwa a ƙarƙashin dutse don ya gwada haƙurin masu haƙa. Ku matso, jama'a. Mai kunne ya ba ni aro, mai gaggawa ya kama gabansa. Ni ne Barmo ɗan Tagwai, mahaƙin rijiya, ɗan mahaƙin rijiya, jikan wanda ya cika da dagi a hannunsa. Na ƙetare teku uku da hamada biyu, na ga abin al'ajabi, na ga abin dariya, amma labarin da zan ba ku yau na takaici ne. In kun ji muryata ta ɗaga, kada ku ce da ku nake.

Gardama ce ta fitar da ni daga gida. Wata rana a bakin kasuwa dattawan garinmu suka kaure da musu kan wane gari ya riga wane kafuwa, kowa yana cewa garin kakansa ne uwa. Na sa baki na ce sana'ata ta koya mini cewa duk inda mutane suka zauna sai sun bar toka da tsingaro a cikin ƙasa, kuma mai haƙa yana karanta su kamar yadda malami ke karanta allo. Suka bushe da dariya, wani ya ce yaushe ɗan rami ya zama masani. Raina ya ɓaci. Na rantse ba zan ƙara shan ruwan garin ba sai na taka birnin da ya riga kowane birni a duniya, na ji tarihinsa tun daga tushe. Bayan kwana uku na naɗe igiyata, na saɓa dagina, na fita.

Bayan wata bakwai na faɗa wata ƙasa da ake kira Shafe-Jiya. Mutanenta masu fara'a ne, sai dai kowace safiya suna tashi ba su san abin da ya faru jiya ba. Miji ya tambayi matarsa ita wace ce, a sake ɗaura aure kafin a dama kunu. Da suka gane ni ina tuna jiya har da shekaranjiya, sai suka ce sun tsinci dami a kala. Suka buga mini mari a ƙafa, suka ɗaure ni a ƙofar fada don in riƙa gaya musu wa ke sarauta, wa ke da wace gona. Kwana tara ina wannan bauta, don kowace safiya in sun tambayi dalilin ɗaurina gaskiya nake gaya musu. Ran na goma da gari ya waye suka kewaye ni suna tambaya, "Kai kuma wa ya ɗaure ka?"

Na ce, "Ai maƙerinku ne ya gwada sabon mari a ƙafata ya manta bai cire ba. Ni matafiyi ne."

Suka yi ta ba ni haƙuri, suka kwance ni, har da guzurin dabino. Na bar su suna tambayar juna wane ne sarki.

Daga nan na shiga jirgin ruwan wasu fatake 'yan ƙasar Hindu. Shekara biyu muna tare, a bakinsu na koyi harshensu. Wata guguwa ta jefa mu wani tsibiri mai ƙorama ɗaya tak, tsuntsaye masu girman raƙumi sun kewaye ta, duk wanda ya doso su ɗauke shi kamar ɗan tsako. Ƙishirwa ta fara kayar da mutane. Na zaga bayan wani tudu inda tsuntsayen ba sa hango ni, na ɗanɗana ƙasa, na bi inda tururuwa ke fito da ɗanyen rairayi, na haƙa gaba shida na sato musu ruwan ta ƙarƙashi. Da muka tsira shugaban jirgin ya tambaye ni abin da nake so. Na gaya masa bukatata. Ya ce, "Tirtawana kake nema. Kafin a san sarauta akwai shi." Shi ya sauke ni a bakin kogin Suwarna, ya nuna mini hanya.

Kai jama'a, na ga birni! Yana kwance a gefe ɗaya na kogin, matakalan dutse suna gangarawa har cikin ruwa, ɗakunan bauta sun fi dubu, ƙararrawa ba ta shiru. Shanu suna yawo cikin kasuwa da furanni a wuya, suna cin kayan miyar mutane ba mai ce musu kul. Tsofaffi suna zuwa daga tafiyar wata shida don kawai su jira mutuwa a nan, don a imaninsu wanda ya mutu a Tirtawana ya huta, ba zai sake dawowa duniya ba. Ɗaya gefen kogin kuwa rairayi ne fayau, ko bukka babu, don sun ce wanda ya mutu a can jaki zai dawo.

Na iso da tsakar rana, maƙogwarona kamar soyayyen kasko. Na yi sallama a wani gida na roƙi ruwa. Maigidan ya ja da baya, ya ce in tara hannu, ya riƙa tsiyayo mini daga sama kamar mai ban ruwan shuka. Ashe mutanen birnin hawa-hawa ne, kowa da matsayin da aka haife shi a ciki, na sama ba ya taɓa na ƙasa, ba sa haɗa ƙoƙo. Na kaɗe hannuna na ce ya riƙe ruwansa. Na yi ta tafiya har ƙarshen matakalan, inda hayaƙi ke tashi. A nan na tarar da wata tsohuwa baƙa siririya, ƙafafunta fari fat da toka, tana zaune a bakin wata rumfar dutse. Ta dube ni, ta ɗebo ruwa a ƙoƙo, amma ba ta miƙo ba.

Ta ce, "Ɗana, tsaya ka ji. Sunana Fulmati. Mu ne masu wuta, mu ke ƙona gawar birnin nan. In ka sha a ƙoƙona ka zama mu. Ba mai sake taɓa ka, ko inuwarka ta faɗa kan mutum sai ya yi wanka."

Na ce, "Inna, a garinmu wanda ya ƙi ruwan baƙunta ya zagi masu gida." Na karɓa na shanye, na ce a ƙaro.

Ba zan ɓoye muku ba, da na ga aikinsu sai da na kawar da kai. Mu binnewa muka sani. Kwana uku abinci bai wuce wuyana ba. Amma addinina daban, nasu daban, na shimfiɗa buzuna a gefe ina sallata ba wanda ya taɓa hana ni, kuma su kaɗai suka ba ni wurin kwana a duk faɗin birnin.

A cikin rumfar nan akwai wata wuta da ba ta taɓa mutuwa ba. Kowa aka yi wa rasuwa, talaka ne ko ɗan sarki, sai ya zo da itace guda ya ajiye daga nesa, Inna ta ɗora masa garwashi a kan damin ciyawa, ya je ya kunna wa mamacinsa. Sun yi imani gawar da ba a ƙona da wutar nan ba ba ta samun hutu. Kowace safiya kuma Inna takan zauna gaban wutar, ta riƙa jefa ƙirare ɗaya ɗaya, kowane da sunan wanda ya taɓa riƙon wutar da abin da ya sami birnin a zamaninsa. Sunaye ɗari uku da goma sha biyu, ba ta tuntuɓe ko sau ɗaya.

Takan fara, "Jamuni mai kamun kifi, ita ta kunna, a zamaninta ba kowa a nan sai kada da ciyawa. Bikaru ɗanta, a zamaninsa mutane suka fara kawo gawa daga nesa. Mangaru, a zamaninsa masu sayar da itace suka kafa bukkoki." Haka take bi har masu furanni su zo, masu jirage su zo, masu ɗakunan bauta su zo. Sau bakwai birnin ya rushe, da ambaliya, da annoba, da mahaya dawaki daga arewa, sau bakwai ana gina sabo a kan tsoho, wutar tana nan. Sarakuna ba sa shigowa labarin sai a suna na ɗari biyu da sittin. Na zauna baki buɗe, ga abin da na bar gida dominsa yana fitowa daga bakin tsohuwar da ko inuwarta ba a so.

Ina wata biyu a wurinsu aka buga ganga aka yi shela. Sarkin birnin, Raja Indarsen, hayaƙi ya dame shi a benensa, kuma yana so ya shimfiɗa farin dutse a wurin don ya riƙa shan iska. Babban malamin fadarsa, Fandit Somadatta, ya rubuta littafin tarihin birnin. A ciki ya ce kakan Raja ne ya sauko daga rana ya aza tubalin zinariya ya kafa Tirtawana, masu wuta kuwa bayi ne da aka kawo jiya jiya. Saboda haka an ba su wata uku su kwashe su koma ƙetaren kogi, a kashe tsohuwar wuta, malaman fada su kunna sabuwa mai tsarki.

Tir da wannan aiki! An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Mutanen Inna suka taru, mata suna kuka ba sauti. Na ce, "Inna, ku je ku faɗa musu sunayen nan mana!"

Ta ce, "Wa zai tsaya ya ji? Ba a barin mu mu kusanci ƙofar fada. Kuma wutar nan ba ta ƙetare ruwa, ɗana. Ranar da ta bar wannan gefen ta mutu, sunayen sun mutu, don ga wuta kaɗai ake faɗarsu."

Jinina ya tafasa. Washegari na saɓa dagina na nufi fada. Dogarai suka tsayar da ni taku ashirin daga gaban Raja, ta inda iska ba za ta kai masa numfashina ba. Na ɗaga murya na ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙo ne, ban iya karatunku ba, amma na iya haƙa. A haƙa rami biyu, ɗaya a gindin fadarka, ɗaya a gindin wutar. Inda alamar mutane ta fi zurfi, nan aka fara zama."

Raja ya dubi Somadatta. Shi kuwa wani dogo ne mai aski ƙwal da ɗan tukku, goshinsa da zane uku na farar ƙasa, yana magana kamar ba ya son leɓɓansa su gaji. Ya ce, "A bar shi ya haƙa, ranka ya daɗe. Tubalin kakanka yana nan yana jira."

Raja ya ce, "Na yarda. In ka faɗi, giwa za ta taka ka."

Na ce, "In na ci fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Wutar ta zauna."

Mahaƙan fada suka fara nasu. A gaba uku suka kai ƙasar da hannu bai taɓa taɓawa ba, ni daga nesa na gane ta da launinta. Kwana biyu ana ta ƙus-ƙus. A na uku sai guɗa ta tashi, wai an ga tubalin zinariya. Aka tara jama'a. Na roƙa a turo mini shi in gani, aka ɗora a faifai aka turo da doguwar gora. Na juya shi. Ƙasar da ke jikinsa baƙar ƙasar lambu ce mai warin kashin shanu, ga kuma wani ɗan fure rawaya manne a ƙarƙashinsa, ko yanƙwanewa bai yi ba.

Na ɗaga furen na ce, "Ranka ya daɗe, lallai kakanka ya iya shuka. Furen da ya binne shekara dubu uku, ga shi da raɓarsa."

Dariya ta kuɓuce wa mutane. Na ce a raina ramin ƙarya ƙurarre ne, an gama. Ina! Somadatta ko gezau bai yi ba. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ku dubi karama! Abin da ɗan rana ya taɓa ba ya bushewa." Fadawan da suka yi dariya yanzun nan suka zube suna goga goshi a ƙasa. Wallahi da ba don nisan taku ashirin ba, da na aikata abin da zan yi nadama.

Na koma na kama nawa ramin, kamu biyu daga murhun wutar. Mazan masu wuta suna jan kwando, ni ina ƙasa. A gaba biyar na tarar da ƙonannen tubali da kan kibau da ƙasusuwan dawaki. Na ƙwala wa Inna kira na gaya mata, ta ce, "Zamanin Candaru ke nan, mahaya." A gaba goma sha biyu na faɗa cikin ɗakuna cike da laka, ƙayar kifi a kan gadajen mutane. Ta ce, "Ambaliya, zamanin Lacciya." Duk abin da bakinta ya faɗa, dagina ya same shi, a jere, ba gaba ba baya.

Abin da na gani a ƙasan nan, in ba don ni na gani ba da ban yarda ba. Tsofaffin biranen ba su cike duka ba. Akwai lunguna a buɗe da mutum zai bi a tsaye, iska mai sanyi tana ratsa su, fitilata ba ta taɓa yin ƙifta ba, kuma kowane mahaƙi ya san ramin da fitila ta rayu mutum zai rayu. Na ga kasuwa da hatsinta ya zama dutse a cikin kwanduna. Na ga ɗakin bauta da ƙararrawarsa take kaɗawa ita kaɗai in iska ta bi. Kuma tun daga sama har ƙasa, a hannun damana, wani ginshiƙin farar toka yana bi na, bai yanke ba ko da faɗin yatsa. A gaba arba'in na kai rairayin kogi. A kansa duwatsun murhu uku ne da ƙugiyar kamun kifi ta ƙashi. Na ɗora tafina a kan duwatsun na ji su da ɗumi.

Na fito na ruga fada. Na ce, "Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Gaba uku da gaba arba'in. A aiko wanda aka yarda da shi in zura shi ya gani."

Somadatta ya gyara mayafinsa ya ce, "Wa zai shiga? Ramin a unguwar masu wuta yake, hannun wanda ya sha a ƙoƙonsu ya haƙa shi. Mai tsarki ba ya shiga."

Na ce, "To in fito da duwatsun in kawo."

Ya ce, "Abin da hannunka ya ɗauko ba ya shiga fada."

Na ce, "To a tambayi waɗanda suka ja kwando!"

Ya ce, "Ba a karɓar shaidarsu. Abin da mai tsarki bai gani ba, ba a gan shi ba. Mu kuwa tubalinmu kowa ya gani."

Kun ji fa! Sun kulle ƙofa sun haɗiye mabuɗin, sannan suna tambayar me ya hana ka shigowa. Na dubi Raja ko zai ji kunya. Yana wasa da zoben hannunsa. Ya ce, "Baƙo ya faɗi. A kawo giwa."

Aka kawo ta, tafkekiya, an yi mata ado da jan alharini. Na yi kalmar shahada. Sai mai giwar ya sauko ya faɗi gaban Raja, ya ce wannan ita ke ɗaukar abin bautarsu ran babban biki, in ƙafarta ta taɓa ni ta ƙazantu shekara guda. Raja ya ce to dogarai su kama ni su jefa a kogi. A nan dabara ta faɗo mini. Na ajiye dagi, na buɗe hannuwana biyu kamar mai tarbar ɗan'uwa, na ce, "Bismillah, wa zai fara? Ku zo mu gaisa!" Na doshi babban dogarin. Ƙato ne mai gashin baki kamar ƙahon rago, amma ya yar da mashi ya haye katanga. Na juya kan fadawa, suka tarwatse, wani ya faɗa kwatami, wani ya bar takalmi. Somadatta ya laɓe bayan giwa. Na ɗauki dagina na fita a hankali, ina tafe inuwata tana share mini hanya.

Na tsira da raina, amma ba raina ne abin da ake magana ba. Ranar da wata uku suka cika, da hantsi, jirage suka jeru a bakin kogi. Dogarai suka zo da dogayen gora suna tunkuɗa mutane daga nesa kamar masu kora agwagi, mata da goyo, tsofaffi da sanda, duk aka tura su cikin jirage. Bayansu ga masu tuluna cike da ruwa, an turo su kashe wutar. Na tsaya a bakin rumfar ina haki, na rasa abin yi.

Inna ta taɓa kafaɗata. Ta riga ta kwashe garwashin cikin wata tukunyar ƙasa, ta ɗaure a ƙirjinta da tsumma. Ta ce, "Barmo, ka ce akwai iska a ƙasa?"

Na ce, "Akwai, Inna."

"Ka ce murhun Jamuni yana nan?"

"Yana nan. Amma haba Inna, gaba arba'in ne! Ba rana, ba kogi, ba 'ya'yanki. Ga shekaru."

Ta ce, "An ce wutar ta bar idon sarki. Ba a ce ta bar gidanta ba. Ɗaura mini igiya."

Na ɗaura mata. Ba ta fi nauyin kwandon ƙasa ba. Ɗanta na fari yana cikin jirgi yana kiran sunanta, ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta iya ba. Na riƙa sakin igiya kamu kamu, hawaye yana zuba a gemuna, ina tsine wa Raja da malaminsa da tubalinsu da babbar murya, da Hausa, don su ji zafin ko ba su ji ma'anar ba. Da igiya ta yi sako-sako, ba a jima ba wani siririn hayaƙi ya taso daga bakin ramin. Masu tuluna suka tsaya cirko-cirko. Aka ce su zuba, ba wanda ya motsa. Aka ce a cike ramin da ƙasa, aka rasa mai ɗaukar kwandon farko, don kowannensu yana da tsohuwa a gida da ke jiran ranarta.

Da abin ya gagara, Raja ya sa aka kewaye wurin da katanga, aka buga ganga aka yi shela cewa babu wani rami a nan, kuma ba a taɓa yin sa ba. Malaman fada suka kunna sabuwar wutarsu da bushe-bushe da kaɗe-kaɗe. Ni na tare a cikin katangar, tunda ba mai iya fitar da ni, ina zura wa Inna abinci da ruwa. Ba a yi kwana uku ba mutane suka fara satar jiki suna zuwa ramin da babu shi. Kowa da itacensa guda, ya zura, a ɗauro masa garwashi a kasko.

A rana ta goma sha ɗaya, da rana ta take tsaka, zafi ya kori kowa daga hanya, sai na ga wani dogo ya shigo, ya lulluɓe kansa da mayafi, yana rungume da itace guda na sandal mai ƙamshi. Ya tsaya nesa da ni, ya juya fuska. Iska ta ɗage mayafin na ga zane uku a goshi.

Na miƙe tsaye. Na ce, "A'a! Fandit Somadatta da kansa? Ɓatan hanya ka yi? Ai nan ba rami."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Matata ta rasu da safen nan."

"Allah Sarki. To ga wutarku can mai tsarki a fada, da hannunka ka kunna ta."

Ya ce, "Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Ba zan sallame ta da wutar shekaranjiya ba."

Wato ya sani! Tun ran da ya ɗauki alƙalami ya sani. Ya sani sa'ad da yake binne tubali, ya sani sa'ad da ake tunkuɗa jarirai cikin jirgi da gora. Idona ya rufe. Na durƙusa a bakin ramin na ƙwala kira, "Inna! Kin san wa ya zo? Mai littafi ne! Wanda ya ce jiya aka kawo ku! Wallahi kada ki ba shi. Ya je ya ƙona ta da takardunsa!"

Muryata ta bi ramin ta ɓace. Sai muryarta ta taso daga can ƙasa, siririya, a gajiye.

"Barmo, zuro kaskon."

"Inna, shi ne fa ya raba ki da 'ya'yanki!"

"Na ji. Matarsa ba ta rubuta littafi ba. Zuro kaskon."

Na zura. Ni da hannuna na jawo masa garwashin, na ajiye a ƙasa, na ja da baya don kada inuwata ta ɓata masa tsarki. Ya durƙusa ya ɗauka da hannu biyu, ya kare shi da gefen mayafinsa don kada iska ta kashe, ya fita yana taka ƙasa a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Ko kallon ramin bai yi ba.

Bayan kwana goma sha uku, da aka gama zaman makokin matar Somadatta, aka tara birnin kaf a ƙofar fada aka karanta littafin tarihin Tirtawana daga farko har ƙarshe. Shi ya karanta da bakinsa. Na hau katanga na saurara, ina jira in ji inda ya gyara. Bai canza ko harafi ɗaya ba.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, jama'a. Wanda ya ji daɗinsa ya riƙe, wanda ya ji haushi ya zo mu raba, don ni ya yi mini yawa.